Tagar Ɗaki Na Goma Sha Biyu

Gunvor Thygesen mace ce mai bin doka har abin ya so ya yi yawa. In aka ce a ba tsoho magani ƙarfe takwas, ba za ta kai takwas da minti biyu ba. Shekara talatin da ɗaya tana aiki a gidan kula da tsofaffi na garinmu, a gabar yammacin Denmark, ba a taɓa kiranta ofis kan wani laifi ba. Shi ya sa ranar Litinin ɗin da ta ga takarda manne a ɗakin shan kofi, wai mutanen jami'a na son ganin ma'aikatan ɓangaren gabas ranar Alhamis, sai da ta karanta ta sau biyu. Ta ajiye baƙin burodinta, ba ta ƙara gutsura ba. Ta san laifin, ta kuma san mai shi.

Al'ada ce ta tashi ta tarar a gidansu: in mutum ya cika, a buɗe taga ransa ya sami hanyar fita. Gunvor ba mai yawan zuwa coci ba ce, kuma in ka tambaye ta ko ta yarda rai na bin taga, kafaɗa kawai za ta ɗaga maka. Amma mahaifinta, masunci, a hawa na tara na asibitin birni ya rasu, inda tagogi ba su da mariƙi. Ranar ta shafa gilashin nan sama da ƙasa tana neman inda za ta kama, babu. Shekara ashirin da shida ke nan, abin bai bar zuciyarta ba. Tun daga lokacin duk tsohon da ya cika a hannunta sai ta buɗe masa taga minti ashirin.

Bara aka mayar da su sabon gini, irin wanda inji ke shigo da iska ya ɗumama ta, ya fitar da tsohuwar. Sai ga mutanen jami'a sun zo su huɗu: injiniya, mai zanen gini, likitan numfashi, da wata mai nazarin ɗabi'un mutane wadda mu dai ba mu ga aikinta ba in ban da shan kofi da tambayar kowa yaya yake ji. Shugabansu injiniyan ne, Troels, dogo marar yawan magana. Suna son su gano wutar lantarki nawa za a rage in ba a buɗe taga ko sau ɗaya ba duk lokacin sanyi. Suka manna wa kowace taga na'urar awon ɗumi kamar kwalin ashana, ma'aikata suka sa hannu a takarda cewa daga Nuwamba zuwa Maris ba mai taɓa mariƙi. Gunvor ma ta sa hannu, da kyakkyawan rubutunta. Sannan ta buɗe taga sau bakwai.

Ranar Talata abokiyar aikinta Jytte, wadda ba a raba ta da jin ƙwaƙwaf, ta kawo mata sauran labarin. Wai tun da an rasa mai ɓata awon, an yanke shawarar kwance mariƙan ɓangaren gabas gaba ɗaya ranar Juma'a. Jytte ta kashe mata ido ta ce ita dai ta san wata salihar da za ta sha kunya. Gunvor ko murmushi ba ta iya yi ba. Ba kunyar ce ta dame ta ba, ɗaki na goma sha biyu ne.

A nan Aksel yake kwance, tsohon masunci ɗan shekara casa'in da ɗaya, wanda ya yi jirgi ɗaya da mahaifinta. Likita ya ce sai dai kwanaki. Tun farkon sanyi ya sa ta yi masa alkawarin buɗe masa taga, kuma kullum in ta zo juya shi sai ya tuna mata. Ranar Laraba ma ya kama hannun rigarta.

"Yarinya, kar ki bar ni ina zagaya silin ɗin nan kamar ƙuda. Ni ban san hanyar injinsu ba."

Tana da shekara hamsin da tara, har yanzu yarinya yake ce mata. Ta ce masa ya daina surutu ya sha ruwa. Da ta fito sai da ta jingina da bango. Ta yi tunanin ta yi shiru a taron, ta yi tunanin ta ɓoye guduma a aljihu, har ta kama kanta tana fatan Aksel ya tafi kafin Juma'a, abin da ya sa ta ji ta tsani kanta.

Ranar Alhamis Troels ya haska musu zane a bango: layin ɗumi miƙe sambal, sai ramuka bakwai, kowanne da kwanan wata da lambar ɗaki. Ya ce ba faɗa ya zo yi ba. Sun canza na'urori, sun zargi mai shan taba, sun zargi mai goge-goge, amma abin da ya ɗaure musu kai shi ne kowane rami minti ashirin ne cif. Manaja na kallon ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, Jytte kuwa ta ƙura wa kofinta ido. Gunvor ta miƙe, ta nuna ramin farko.

"Sha huɗu ga Nuwamba, wannan Ellen ce. Na biyun Viggo ne, da safe ya tafi."

Haka ta bi su har bakwai, sunan mamaci bayan sunan mamaci. Sannan ta faɗi dalili a gajarce, ta ce ita ce, kuma in kora ce ta ji, amma don Allah a bar mata mariƙi ɗaya. Mai nazarin ɗabi'u ta hau rubutu kamar biron zai kama wuta. Manaja ta ce za su yi magana a ofis. Troels ya rufe kwamfutarsa ya fita, ko sallama babu. Gunvor ta ce a ranta shi ke nan, ta tona kanta a banza.

Juma'a da hantsi ma'aikaci ya iso da akwatin kayan aikinsa ya fara daga ɗaki na ɗaya. Tana raba magani tana jin ƙarar mariƙai suna faɗawa cikin bokiti. Na shida. Na tara. Har ta zubar da ƙwayoyi a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Da aka kai na goma sha ɗaya ta je ta tsaya a ƙofar Aksel, ba ta ma san abin da za ta yi ba. A nan Troels ya same ta. Ashe tun da asuba ya kamo hanya daga birni, tuƙin awa uku.

Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce shekara huɗu da suka wuce mahaifiyarsa ta rasu a wani gida irin wannan, a watan Janairu. Tana cikawa ma'aikaciyar ta buɗe taga ta fita. Shi kuwa ya ga ana ɗumama ɗaki ga taga a hangame, sai ya tashi ya rufe, har yana jin haushin sakacin matar. Ba wanda ya taɓa gaya masa, sai jiya.

"Bai fi minti biyu a buɗe ba," ya ce. "Gunvor, minti biyu ya isa?"

Ita da ba ta ƙarya ko a kan minti ɗaya, ta dube shi, tausayinsa ya kama ta. Ta tambaye shi ko mahaifiyar tasa mai jan jiki ce. Ya ce ina, kullum ita ke gaba, su suna binta da gudu.

"To ai kafin ka miƙe ta fice," in ji Gunvor.

Ya juya wajen ma'aikacin. Sannan ya sa hannu a bokitin ya ɗauko mariƙi ɗaya ya ba ta, ya ce ta riƙe a aljihu don sauran ɗakunan, na goma sha biyu kuma kar a taɓa shi. Abin da zai gaya wa abokan aikinsa, wannan matsalarsa ce.

Aksel ya cika ranar Lahadi da yamma, tana riƙe da hannunsa. Ta rufe masa ido, ta murɗa mariƙin, iskar teku ta shigo da sanyinta har labule na tashi. Ta tsaya a gefe don kar ta tare hanya, tana duban agogo. Da minti ashirin ya cika ba ta rufe ba. Ta ƙara ashirin, na mahaifinta.