Buhun da Ba a Hanawa

A ƙauyenmu kusa da Kamlin, abin kunya ne ka hana wani ɗora buhu a motarka. Ranar kasuwa yayana ya ɗaura wa boksinsa, wato motarsa a-kori-kura, tirela cike da dawa. Ya nuna wa kawunmu lambar da ke jikin taya, ya ce nauyin ya riga ya wuce ƙarfinta.

"Ɗana, mota ce fa, ba jaki ba," in ji kawu, ya sa aka ƙara buhunansa biyar. Ni ma na ɗora nawa.

A gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan noman rani, tayar baya ta fashe, tirelar ta ja motar cikin ruwa.

Dawar kam mun tsamo ta, mun shanya. Da ita aka tuƙa tuwon sadakar ukun yayana, kawu ma ya ci.