Ruwa a Ƙarƙashin Ƙoƙon Gwiwa

Shekara ashirin da bakwai mai tayil ya yi yana tafiya da gwiwa a gidajen mutane. Daga ƙasa ya san ɗakuna: kusurwar da magini ya karkatar, dokin ƙofar da ya yi tudu. Abin durƙusonsa buhun siminti ne ninki huɗu. In ya gama shimfiɗa sai ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Wanda ya zauna daram, muryarsa gajera ce. Wanda iska ta maƙale a ƙarƙashinsa kuka yake kamar ganga, kuma bai taɓa barin irinsa a gidan kowa ba.

Gwiwar dama ce ta fara. Da safe ta ƙage, da yamma ta ɗauki zafi ta kumbura har wando ya matse ta.

"Baban yara, gwiwar nan ta kusa fin kanka girma," in ji matarsa, tana gasa masa ita da tsumma.

"Ita ke ci da ku, ba dole ta yi ƙiba ba?"

Ya naɗe ta da robar taya ya koma aiki. Wata biyu yana haka kafin matar ta tisa ƙeyarsa zuwa asibiti.

Likita ta matsa saman gwiwar da tafin hannu, ta danna ƙoƙon da yatsa. Ya nutse, ya taso.

"Bai zauna ba," in ji shi. "Akwai abu a ƙasa."

Ta ce ruwa ne. Tantanin da ya lulluɓe gaɓar daga ciki ya kumbura, shi ke tara shi, guringuntsi kuma ya fara cinyewa. Farkon ciwon ke nan. Za ta zuƙe da allura, amma in ya ci gaba da durƙuso zai dawo.

"Likita, ana shimfiɗa tayil a tsaye?"

Ta soka allurar. Sirinji yana cika da ruwa rawaya-rawaya.

Sati uku ruwan ya dawo. Sai ya kifa bokiti ya zauna, ƙafa a miƙe, yana aiki daga inda hannu ya kai. Haka ya ƙarasa wani kicin. Ya ɗauki guduma ya bi layi. A bakin ƙofa, huɗu suka yi masa kukan ganga.

Ɓamɓare su sai da durƙuso. Ya dafa bango ya fara sauka, gwiwar ta tsaya a rabin hanya ta ƙi. Ya daɗe a haka, gumi na ɗiga a kan tayil mai sheƙi.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai gidan, "huɗun can na bakin ƙofa a sake su. Ka nemo wani."

A gida matarsa ta buɗe jakar kayan aiki. Ga guduma, ga igiya, babu buhun durƙuson. Ta rufe jakar. Ta je ta ɗora ruwan zafi.