Jarin Sieni a Gidan Tsofaffi

Ƙanwata Sieni ce ta fara gaya mini wai ana sayen hannun jari a gidan tsofaffi. A bakin cocinmu na unguwar Otara ne, muna rabon gwaza bayan sujada. Na ce, "Ke Sieni, tsofaffin ma sayar da su ake yi?" Ta kwashe da dariya ta ce, "Kai Yaya! Kamfanin ake saya. Turawa ba sa riƙe iyayensu a gida, tsufa kuwa ba ya ƙarewa."

Ta san wurin, don tun zuwanmu ƙasar Turawan nan daga tsibirinmu na Samoa take aikin yi wa tsofaffin wanka. Abin da ta tara don zuwa ganin Mama a ƙauye, duk ta zuba cikin jarin. Nufinta in ya haihu ta gina wa Mama ɗakin bulo.

Sai farashin gidaje ya faɗi, jarin ya bi shi. Mama ta kwanta ciwo, na ce wa Sieni ta sayar mu tafi. Ta ce, "A asara, Yaya? Bari ya ɗan ɗago zuwa Kirsimeti." Ni kaɗai na tafi. Mama ta yi ta tambayar autarta har Ubangiji ya ɗauke ta, Kirsimetin bai zo ba.

Jarin ya ɗago daga baya, amma Sieni ba ta taɓa shi ba. Tana can har yau, tana taje wa iyayen wasu kai da man kwakwa irin wanda Mama take shafawa.