Ranar da Aka Buɗe Ganyen Waken Barau

Wata rana, damina ta ja baya, ƙungiyar manoman wani ƙauye ta fita duba gonar iri.

Gonar Barau ce. Shi suka damƙa wa ingantaccen irin waken suya ya ninka musu, don baɗi gida goma sha takwas su samu na shuka. Aka haɗa masa da buhu biyu na takin supa, aka ce ya binne shi ranar shuka.

To, Barau gwanin masara ne, kuma ya san shi gwani ne. Nan matsalar take.

Ya buɗe buhu, ya ga abu toka-toka, ya taɓe baki. Ya kai kasuwa ya musanya da takin yuriya, wadda ya saba gani tana tashin masara cikin mako guda. Bai gaya wa kowa ba.

Kuma wallahi gona ta yi kyau! Ganye shar, har masu babur na tsayawa ɗaukar hoto.

Ana saura kwana uku ƙungiya ta zo, ya sa hannu ya buɗe ganyen.



Wani gindin kwanso biyar, wani uku, wani babu ko ɗaya.

Ranar da ƙungiya ta zo, ga mutane a bakin gona, ana ta sa albarka. Barau na yaƙe, yana roƙon Allah kada kowa ya shiga ciki.

Sai malamar gona, Lantana, ta tattare zaninta ta kutsa. Taku goma ta tsaya. Ta tumɓuke gindi ɗaya, ta karkaɗe ƙasar, ta daɗe tana kallon saiwar.



"Baba Barau, ina supar da muka ba ka?"

"Na canza ta da yuriya, 'yar nan. Gani na yi ba ta da ƙarfi."

"Abin da ke cikin yuriya ai waken suya da kansa yake haɗa shi, a 'yan ƙurajen da ke fitowa a saiwarsa. Duba, naka babu su. Masarar da ka saba nomawa ta shanye sinadarin fosforas na ƙasar nan, shi supa ke mayarwa. In babu shi, babu saiwa, babu 'ya'ya."

"To a zuba yanzu mana! Ni zan sayo."

"Lokaci ya wuce, Baba."

Ba wanda ya zage shi, da ma zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Inna Tabawa ce kawai, tsohuwar da awara ke riƙe gidanta, ta ce a hankali:

"Barau, baɗi ganye za ka raba mana?"



Darasi: Gwaninta a masara ba gwaninta a wake ba ce. In an ba ka amana da umarnin da ba ka gane ba, tambaya za ka yi, ba canzawa a ɓoye ba.

Tura wa manomin gidanku wannan labari tun bai buɗe buhu ba.