Shafi na Biyu na Maigida Ne

Ana fitowa daga sallar asuba muka bar Matameye, mu uku: direba, da wata likita mai bincike kan yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta bunƙasa daidai ba, sai ni ungozoma. Ita likitar Faransanci ne a bakinta, Hausarta ko gishiri ba za ta sayo mata ba, don haka ni ce mai yi mata tambaya.

Hanyar Dungu yashi ne, mota na tafe tana rangaji. Da muka gangara fadama ido ya huta, ga rake ga kabeji kore shar. Na sayi sandar rake dala ashirin, direba ya shanye rabi yana cewa shi zaƙi bai dame shi ba.

A ƙauyen da muka sauka mata sun cika zauren maigari, maza sun koma gindin gawo, wai zancen ciki ba nasu ba ne. Cikin matan akwai Sa'a mai tsohon ciki, ɗanta ya shekara shida bai fara magana ba. Na tambaye ta abin da ta ci da cikinsa, ko ta yi zazzaɓi, kwana nawa ta yi tana naƙuda. Tana amsawa kai a ƙasa kamar a gaban alƙali. Ashe an ce ɗiban ruwan magariba da ta yi da ciki ne ya jawo, maigidanta kuma ya ce in wannan ma ya zo haka, sai ta koma gidansu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na juya takardar tambayoyin, shafi na biyu na uba ne. Na aika aka kira shi.

"Hajiya, ni kuma me ya haɗa ni da wannan?"

"Malam, ita kaɗai ta yi cikin?"

Na tambaye shi shekarunsa, da inda yake ajiye maganin feshi, da ko an taɓa samun irin yaron a danginsa. Ya ce ƙanin babansa har ya rasu bai ce uffan ba. Likita ta sa na faɗa musu wannan ba laifinsa ba ne, ba kuma na Sa'a ba. Ba a gama sanin dalili ba, shi ya sa ake binciken.

Sa'a ta rako ni mota ta ce, "Shekara shida ana tambayata me na yi. Yau ne aka fara tambayar wani."

Mun iso gida bayan la'asar. Shekara ashirin ina aikin nan, mata kaɗai nake titsiyewa, tafiyar nan ta nuna mini rabin labari nake ji. Ranar awo na hango su a ƙofar asibiti, Sa'a na zaune, maigidan na tsaye riƙe da hannun ɗansa. Na ce su shigo duka.