Wayar Sulaimanu da Maganin Kaltumi

A unguwar Yelwa ta Garuwa, in fanka ko injin ban-ruwa ya ƙone, wurin Sulaimanu ake kai shi. Shekara talatin yana naɗin wayar tagulla. Bai yi lakwal ba, wato boko, amma ya san abu ɗaya sarai: in waya ta gilma gaban maganaɗisu, wuta za ta fito.

Matarsa Kaltumi na da ciwon sukari, kuma maganin allurarta ba ya shiri da zafi. A bazarar 1996 wutar gari ta zama baƙuwa, sai a kwana huɗu ba a gan ta ba. Ita dai ta zuba kwalabenta a tulu, ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi.

Ran nan ya ji a rediyo wai 'yan sama jannati sun saki doguwar waya daga kumbo, ta tatso lantarki daga maganaɗisun duniya kafin ta tsinke. To fa, an taɓo sana'arsa! Ya kwashe tagullar shago kaf, ya ja ta daga giginya zuwa giginya har bayan unguwa.

Maƙwabcinsa Alphonse, malamin makaranta da ake kira Mushe irin na Faransanci, ya leƙo ta katanga. "Maigida, tasu fa gudu take yi. Taka a tsaye take."

"Mushe, ba kai ke koya wa yara duniya na juyawa ba?"

"Ai tare da maganaɗisun take juyawa!"

"Je ka ji da allinka."

Da ya jona ma'auni, tsinken ya ɗan motsa. Shi ke nan, ya haɗa wayar da firigo, wato firji, ya tono kwalaben ya jera ciki.

Kaltumi ta ce, "Malam, ka bar min tuluna."

"Matar mai naɗi da tulu? Ki riƙe ɗaya, ki ba firigo lokaci ya tara sanyi."

Ya hana kowa buɗewa. Kai kuwa ka san rufaffen firigo babu wuta a Afrilun Garuwa: tanda ce. Da ta hannunta ta ƙare, Kaltumi ta ɗauko sabuwa, ta ga maganin ya yi gudaji. Ta dubi mijinta can kan tsani, yara na masa dariya, sai ta ci gaba da allurarta da shi haka nan.

Bayan kwana goma sha biyu ta faɗi a bakin murhu. A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalbar a haske.

"Baba, ina kuka ajiye wannan?"

"A firigo," in ji shi.

Ranar Alhamis aka kai ta makwancinta. Ya yi shekara tara bayanta, yana naɗinsa, ba ya hira da kowa.