Kawu Sale Mai Hana Rijiya Ruwa

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya kai loma baki sai ya tsoma yatsa a miya, ya ɗaga ya dubi yauƙinta. In ta tsinke da wuri ya ce, "Wagga ba ta riƙe ruwa." Shekarun ƙarfinsa duk a Kudu ya yi su, a rijiyoyin gas. Aikinsa shi ne ya dama wani magani mai danƙo, a tura shi can ƙasa ya daskare a kafofin da ruwa ke kutsowa, gas ya samu hanya.

Da ya dawo Mafara, mutanen wani ƙauye wajen Garbadu suka ji an ce injiniyan rijiya ya zo gida. Suka aiko da babur, aka kai shi bakin rijiyarsu da ta ƙafe. Ya leƙa, ya jinjina kai.

"Ai ni aikina hana rijiya ba da ruwa."

Mai unguwa ya ce, "To, Allah ya huce gajiya, Malam. Ɗan kwangilar da ya haƙa ta ya riga ka."

Kawu ya sake leƙawa. "Wallahi ya iya aiki! Ko ɗigo babu."

Sai shekarar da hanyar ruwan noman rani ta tsage a Bakura, ruwa ya kwanta a fadamar albasarmu, har ta fara ruɓewa. Kawu ya hana a kira magini. Ya dama sitacin rogo da ƙaro cikin tukunyar biki, ya ɗura a tsagar. Kai, abin mamaki, ruwa ya tsaya cak! Kwana biyu yana yawo da hula a karkace. Rana ta uku awaki suka lashe maganin tas. Na ce, "Kawu, ina ilimin?"

"Ke, rufe min baki! Can ƙarƙashin ƙasa akwai akuya?"

Matarsa, Inna Hajo, ta yi roƙo har ta gaji a saya mata tukunyar gas, hayaƙin itace ya cinye mata ido. Ta ce, "Mutum ya tsufa cikin gas, gidanai babu gas?"

Ya ce, "Don na san shi ne. Ke jin labarinai kike."

A ciwonsa na ƙarshe ruwa ne ya taru masa a ciki. Na kai shi asibiti, likita na zuƙewa da allura, Kawu na kallo da raini. "Likita, zuƙa ba magani ba ce. Nemo kafar ka toshe."

Likita ya yi dariya, ni kuwa na fita waje na share hawaye. Kawu bai ƙara wata guda a duniya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Mu da ya bari da dariya, Allah ya kyautata namu zuwan.